Hanyar Dalton: Yadda Ayarin Babura Ke Kaiwa Bakin Tekun Aktik da Bazara

Hanyar Dalton doguwar hanya ce mai tsawon kilomita 666 a arewacin jihar Alaska ta ƙasar Amurka. Ta faro daga kusa da Livengood, wani tsohon sansanin masu haƙar zinare, ta ratsa kurmi da manyan duwatsu da fili mara itace, sannan ta ƙare a Deadhorse, matsugunin ma'aikatan rijiyoyin man Prudhoe Bay da ke dab da Tekun Aktik. Domin manyan motocin dakon kayan aikin mai aka gina ta, kuma har yau su ne masu hanya. Duk da haka, a kowace shekara daga watan Yuni zuwa ƙarshen Agusta, mahaya babura daga sassa daban-daban na duniya kan yi tattaki su bi ta, wasu su kaɗai, wasu kuma cikin ayari a ƙarƙashin ja-gorancin kamfanonin yawon buɗe ido.

Abin da ke jan su shi ne kasancewarta hanya ɗaya tilo a Amurka da mai abin hawa zai bi ya kai gaɓar tekun da ke can ƙuryar arewacin duniya. Abin da ke sa da yawansu biyan ja-gora kuwa shi ne nisan da ke tsakanin mutum da taimako. A wannan hanya ƙaramar matsala, irin fashewar taya ko ƙarewar mai, tana iya zama babba, domin babu gari kusa, babu asibiti, kuma a mafi yawan wurare babu layin waya.

Asalin hanyar

A shekarar 1968 aka gano ɗanyen mai mai tarin yawa a Prudhoe Bay. Tekun wurin yana daskarewa mafi yawan watannin shekara, saboda haka aka yanke shawarar shimfiɗa bututu ya ratsa jihar daga arewa zuwa kudu, har tashar jiragen ruwa ta Valdez wadda ruwanta ba ya daskarewa. Aikin ya yi jinkiri saboda shari'o'in masu kare muhalli da kuma batun filayen 'yan asalin yankin. A 1971 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta sasanta batun filayen, inda aka bar wa 'yan asalin Alaska eka miliyan 44 tare da diyyar dala miliyan 962.5. A watan Nuwamba na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka dakatar da sayar wa Amurka mai, aka zartar da dokar da ta ba da izinin shimfiɗa bututun.

Kafin a kai bututu sai an sami hanya. Kamfanin Alyeska, wanda kamfanonin man suka kafa domin wannan aiki, ya gina ɓangaren da ke arewa da Kogin Yukon cikin kimanin wata biyar a shekarar 1974. Bututun, mai tsawon kilomita 1,287, ya fara ɗaukar mai a watan Yuni na 1977. A 1981 aka sanya wa hanyar sunan James Dalton, injiniyan da ya yi fice a ayyukan gine-gine da neman mai a arewacin Alaska. Da farko ma'aikatan mai da masu takardar izini kaɗai ke binta, sai a 1994 aka buɗe ta gaba ɗaya ga jama'a.

Wannan tarihi shi ne ke bayyana siffarta. Ba a tsara ta don jin daɗin matafiyi ba. Inda bututu ya bi nan take bi, tana hawa da sauka a gangaren da kan kai kashi 12 cikin ɗari, kuma wuraren tsayawa kaɗan ne ƙwarai.

Zango-zango daga Fairbanks

Ayarin babura da yawa kan taso daga Anchorage, birni mafi girma a jihar, su yi tafiyar kimanin kilomita 580 a kan kwalta zuwa Fairbanks, suna wucewa ta gefen dutsen Denali, wanda ake kuma kira McKinley, dutse mafi tsawo a Amurka ta Arewa. Fairbanks ce birni na ƙarshe mai asibiti da manyan kantuna da garejin gyaran babura. Daga nan akwai tafiyar kilomita 135, mafi yawanta a kan hanyar Elliott, kafin a kai mafarin Dalton. Jimillar nisa daga Fairbanks zuwa Deadhorse kimanin kilomita 800 ne, kuma ta inda aka je ta nan ake dawowa.

A kilomita 90 daga mafari hanya take ƙetare Kogin Yukon a kan gadar E. L. Patton, mai tsawon kimanin mita 700. Ita kaɗai ce gada a kan wannan kogi a duk faɗin Alaska. Shimfiɗarta ta katako ce, kuma tana da gangare, don haka idan an yi ruwa takan yi santsi ga mai ƙafa biyu. A tsallakenta akwai wurin shan mai na farko.

A kilomita 185 ake ƙetare Da'irar Aktik, layin da masana suka zana a taswira a kusan daraja 66 da rabi arewa da tsakiyar duniya. Akwai allo a wurin, inda kusan kowane ayari ke tsayawa ɗaukar hoto. Gaba kaɗan akwai Prospect Creek, inda a ranar 23 ga Janairu, 1971 aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin Amurka, daraja 62 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas.

Coldfoot, a kilomita 282, ita ce zango mafi muhimmanci. Sunan yana nufin ƙafa mai sanyi, wato yadda Turawa ke kwatanta wanda ya karaya, kuma an ce ya samo asali ne daga masu neman zinare da suka iso wurin wajen shekarar 1900, suka ga hunturu na tafe, suka juya. Tashar manyan motoci ta yanzu ta faro ne a 1981, lokacin da Dick Mackey, zakaran tseren keken ƙanƙara da karnuka ke ja, ya soma sayar wa direbobi abinci daga cikin tsohuwar motar makaranta. A yau akwai mai da abinci da ɗakunan kwana da wurin gyaran taya, da kuma cibiyar baƙi ta hukumomin tarayya inda ake samun bayanin halin da hanya ke ciki. Kimanin kilomita 20 gaba akwai Wiseman, ƙauyen masu zinare da aka kafa a farkon ƙarni na 20, inda wasu ayarin ke kwana a ɗakunan katako.

Daga Coldfoot hanya take shiga tsaunukan Brooks. Itatuwa sukan riƙa gajarcewa suna raguwa, har a wajen kilomita 378 su ƙare ƙaf. Sai hawan Atigun, a kilomita 393, mashigar da ke mita 1,444 sama da teku, wadda ita ce mafi tudu a cikin hanyoyin Alaska da ake buɗewa duk shekara. A nan ruwa ke rabuwa: wanda ya zuba kudu ya nufi Yukon da Tekun Bering, wanda ya zuba arewa ya nufi Tekun Aktik. Bayan an gangara sai fili fetal, babu bishiya ko ɗaya, hanya na bin gefen Kogin Sagavanirktok har Deadhorse.

Me ya sa sai da bazara

Bazarar Alaska ba irin ta ƙasar Hausa ba ce. Kalmar tana nufin gajeren lokacin ɗumi daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da dusar ƙanƙara ta narke daga kan hanya. Kafin nan da bayan nan ƙanƙara ce ke rufe ta, kuma ko da yake manyan motoci sun fi son haka domin ƙasa ta yi tauri, babur ba ya iyawa.

A wannan lokaci rana ba ta faɗuwa a arewa da Da'irar Aktik. Dalili shi ne duniya a karkace take da kimanin daraja 23 da rabi yayin da take zagaya rana, saboda haka a watan Yuni ƙuryarta ta arewa na fuskantar rana dare da rana. A kan layin Da'irar kansa, wajen 21 ga Yuni ne rana ke kwana a sama. A Deadhorse kuwa takan yi fiye da wata biyu ba ta faɗi ba, daga watan Mayu zuwa ƙarshen Yuli. Wannan yana da amfani, domin duhu ba ya riskar wanda ya makara a hanya. Yana kuma da illa, domin haske kan yaudari mahayi ya ci gaba da tuƙi bayan jikinsa ya gaji. Shi ya sa ja-gorori ke bin agogo wajen tsaida lokacin tashi da na sauka.

Kowane wata da nasa hali. A farkon Yuni akwai ragowar ƙanƙara a kan duwatsu da ambaliyar narkewarta. Daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli sauro kan fito da yawan da ke tilasta wa mutum rufe fuska da raga da zarar ya tsaya, ko da yake sauron wurin ba ya ɗauke da zazzaɓin cizon sauro. Agusta ya fi ruwan sama, amma sauro ya ragu, ciyayin fili kuma sun soma rikiɗa zuwa ja da ruwan ɗorawa. A tsakiyar jihar zafi kan kai daraja 30, wani lokaci da hayaƙin gobarar daji, alhali a rana guda a Deadhorse ana iya samun hazo da iska mai sanyi dab da sifili. A Atigun dusar ƙanƙara na iya sauka a kowane wata na shekara.

Haɗurran hanya

Na farko shi ne fuskar hanyar kanta. An yi wa wasu sassa kwalta, amma babban ɓangare tsakuwa ce da turɓaya da aka daddaɓe. A ƙarƙashin yankin akwai ƙasar da ke daskare shekara da shekaru ba ta narkewa. Idan zafi ya kai gare ta sai ta narke ta lotsa, don haka aka ɗora hanyar a kan tudun tsakuwa mai kauri, aka kuma ɗaga kusan rabin bututun man a kan ginshiƙai. Sakamakon haka shi ne gefen hanya yana da zurfi da laushi, wanda ya kauce kaɗan zai iya gangarawa. Inda aka yi kwalta ma daskarewa da narkewa kan sa ta yi tudu da kwari da tsagewa.

Hukumar sufuri ta jihar tana zuba wani gishiri mai suna kalsiyam kulorayid domin kwantar da ƙura da ɗaure tsakuwa. Idan ƙasa a bushe take, hanyar kan yi tauri kamar daɓe. Da zarar ruwa ya taɓa ta, ko na sama ko na tankar da ke yayyafi a gaban gireda, sai ta koma taɓo mai sulɓi. Wannan taɓo yana manne wa babur, ya toshe lagireto har injin ya yi zafi, ya bushe a jikin salansa kamar siminti, ya kuma ci ƙarfe da sarƙa da birki. Wuraren da ake gyaran hanya, inda gireda ta tara sabuwar tsakuwa mai zurfi, su ne inda mahaya suka fi faɗuwa.

Na biyu manyan motoci. Sama da ɗari ke bin hanyar a kowace rana, ɗauke da mai da bututu da injuna. Su ke da haƙƙin hanya. Direban da ya ɗauko kaya mai nauyi ba ya iya tsayawa nan take a gangare, kuma yana buƙatar gudu kafin ya hau tudu. Idan ya wuce yakan tada ƙurar da ke rufe ido, tayoyinsa kuma su yi ta watsa tsakuwa. Ƙa'idar da aka saba ita ce mahayi ya rage gudu ya raɓe dama idan ya hango tirela, kada ya tsaya a kan gada ko kwana ko bayan tudu, kuma fitilarsa ta kasance a kunne koyaushe. Iyakar gudun da doka ta yarda da shi kilomita 80 ne a awa.

Na uku mai. Wurare uku kaɗai ake sayar da shi a kan hanyar: Kogin Yukon, Coldfoot da Deadhorse. Tsakanin biyun ƙarshe akwai kilomita 385 babu gidan mai ko ɗaya, kwatankwacin mutum ya tashi daga Abuja ya isa Kano bai ga inda zai sha mai ba. Babur mai tankin lita 20 da ke yin kilomita 20 da lita ɗaya zai kai da ƙyar a lissafin takarda. Iskar gaba da taɓo da nauyin kaya da hawan dutse sukan rage wannan lissafi, saboda haka ɗaukar ƙarin mai a jarka wajibi ne.

Na huɗu sanyi. Mutumin da ruwa ya jiƙa yana tafe a kan babur cikin iska yakan rasa ɗumin jikinsa da sauri, ko da ma'auni bai kai sifili ba. Alamun farko su ne makyarkyata da sanƙarewar yatsu da jinkirin tunani, kuma wanda abin ya kama sau da yawa ba ya gane halin da yake ciki.

Na biyar nisan asibiti. Babu wurin jinya na jama'a a tsawon hanyar. Wanda ya ji mummunan rauni sai an kai shi Fairbanks, sau da yawa ta jirgin sama, kuma hazo ko iska na iya hana jirgi tashi na awoyi masu yawa.

Aikin ja-gora da tsarin ayari

Tsarin tafiya da ja-gora an gina shi ne a kan waɗannan haɗurra. Ayari yakan kasance ƙarami, domin ɗakunan kwana a Coldfoot da Wiseman da Deadhorse kaɗan ne kuma ma'aikata na gogayya a kansu, sai an kama tun watanni kafin lokaci. Ja-gora yana gaba a kan nasa babur. Shi ke tsaida gudu, ya nuna inda ake gyara, ya yanke shawarar tsayawa ko wucewa. A baya akwai motar rakiya ɗauke da jakunkunan matafiya, jarkokin mai, tayoyi, kayan gyara, abinci, ruwa da akwatin taimakon gaggawa. Sau da yawa tana jan tirela da za a ɗora babur ɗin da ya lalace, direbanta kuma yakan kasance makanike. Ita ce ke rufe baya, don kada a bar kowa.

Ana barin tazara mai yawa tsakanin babur da babur saboda ƙura da tsakuwa, sai a riƙa haɗuwa a wuraren da aka ambata tun da safe. Motar rakiya kan riƙe rediyon oba-oba a kan tasha ta 19, wadda direbobin manyan motoci ke amfani da ita wajen sanar da juna inda suke da abin da ke gaba. Akwai kuma wayar tauraron ɗan'adam domin kiran agaji.

Mafi nauyin aikin ja-gora shi ne yanke hukunci. Kafin a bar Coldfoot yakan duba hasashen yanayi da rahoton hukumar sufuri, ya tambayi direbobin da suka sauko daga arewa. Idan dusar ƙanƙara ta sauka a Atigun, ko ruwa ya mayar da fili taɓo, yana iya dakatar da ayari kwana guda ko ya mayar da shi kudu. Wannan yakan yi wa wanda ya biya kuɗi mai yawa ya taso daga nesa ciwo, amma sharuɗɗan tafiyar kan bai wa ja-gora wannan iko. Hanyar ma kanta na iya rufewa: a 2015 ambaliyar Kogin Sagavanirktok ta yanke ta kusa da Deadhorse, ta tsaida sufuri na kwanaki.

Yadda aka saba, tafiyar Dalton kanta kwana huɗu ce: daga Fairbanks zuwa Coldfoot ko Wiseman, daga nan zuwa Deadhorse, sannan kwana biyu na dawowa. Kamfanoni kan haɗa ta da wasu hanyoyin jihar ta zama tafiyar mako ɗaya zuwa biyu. Wani dalilin da ke kai baƙi wajensu shi ne yawancin masu ba da hayar ababen hawa na yau da kullum sun haramta hawa Dalton da kayansu, sai 'yan kaɗan da suka ƙware a kanta.

Babura da kayan tafiya

Baburan da ake amfani da su irin waɗanda aka ƙera domin kwalta da burji ne a haɗe, kamar jerin GS na BMW, V-Strom na Suzuki, KLR 650 na Kawasaki da Africa Twin na Honda. Ƙarfin injinsu daga sisi 650 ne zuwa sama da 1,200, wato ninki shida zuwa goma sha biyu na babur ɗin haya mai sisi 100. Suna da tsawo daga ƙasa, da babbar tayar gaba, da garkuwar ƙarfe a ƙarƙashin inji. Manyan cikinsu sun haura kilo 250 kafin a ɗora kaya, don haka wanda ya faɗi cikin taɓo da wuya ya tada nasa shi kaɗai.

Taya ita ce kan gaba a shiri. Ana sa mai manyan haƙora, sabuwa, domin tsakuwar wurin tana da kaifi. Kowane mahayi ana so ya iya faci da hura iska da kansa. Ana wanke sarƙa a sa mata mai kowace yamma, a kuma kankare taɓo daga lagireto.

Sutura hawa-hawa ake sa ta: ta ciki mai tsotse gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai hana ruwa da iska wadda ke da kariya a gwiwa da kafaɗa da baya. Da yawa kan ƙara riga da safar hannu masu ɗumama da lantarkin babur. Hular kwano mai rufe fuska gaba ɗaya, takalmi mai tsawo, ragar sauro da ƙyallen rufe ido domin barci cikin haske duk suna cikin jerin. Haka kuma inshorar da ta haɗa da ɗaukar majinyaci ta jirgin sama. Baƙo daga ƙetare yana buƙatar biza da lasisin da ya ba shi izinin tuƙa babur, kamfanoni kuma kan tambayi gogewarsa a kan hanyar da ba kwalta.

Namun daji da dokokin yankin

Hanyar ta ratsa tsakanin manyan wuraren da aka killace guda biyu: gandun ƙasa na Gates of the Arctic ta yamma, da gandun namun daji na Aktik ta gabas. A kurmin kudu akwai mus, wata ƙatuwar dabba dangin barewa da nauyinta kan haura kilo 500, wadda karo da ita kan hallaka mahayi. A duwatsun Atigun akwai fararen tumakin daji na Dall. A filin arewa akwai garkunan karibu, da kuma maskos, mai kama da ɓauna da dogon gashi har ƙasa. Maskos ya ƙare a Alaska a ƙarni na 19, sai a 1930 aka kawo guda 34 daga Girinlan, daga zuriyarsu aka sake yaɗa shi. Akwai kuma beyar, babbar dabba mai farauta da ƙanshin abinci ke jawowa, shi ya sa masu kwana a tanti ke ajiye abinci nesa da makwanci, suna riƙe da feshin barkono.

Dokar jihar ta hana fita daga kan hanya da abin hawa mai inji a cikin kilomita takwas na kowane gefe, daga Kogin Yukon zuwa arewa. Ciyayin fili da gansakuka su ne bargon da ke kare daskararriyar ƙasa, kuma sawun taya ɗaya na iya zama kwararo da zai daɗe shekaru bai warke ba. Bututun mai da tashoshinsa ma akwai tsaro a kansu. Yankin gida ne ga al'ummomin Koyukon da Gwich'in da Inupiat, waɗanda har yanzu farautar karibu da kamun kifi ke cikin abincinsu.

Ƙarshen hanya

Deadhorse ba gari ba ne irin wanda aka sani. Sansanin aiki ne na gine-ginen ƙarfe da aka ɗora a kan tsakuwa, mazaunansa ma'aikata ne masu zuwa su yi makonni su koma gida. Hanyar jama'a ta ƙare kimanin kilomita 13 kafin teku, abin da ya rage yana cikin harabar kamfanonin mai. Babur ba ya wucewa. Mai son taɓa ruwan sai ya shiga motar da aka ba izini, bayan ya miƙa bayanan katin shaidarsa aƙalla awa 24 kafin lokaci domin binciken tsaro. Kamfanonin ja-gora kan kammala wannan tun ayari bai iso ba. Daga nan ne kuma masu dogon zango ke fara tafiyar ratsa nahiyoyin Amurka biyu zuwa Ushuaia a kudancin Ajantina.

Takwararta a Kanada

Hanyar Dempster, wadda aka buɗe a 1979, ta tashi daga kusa da Dawson City a yankin Yukon ta yi kimanin kilomita 740 zuwa Inuvik. Ita ma tsakuwa ce, gidan mai na farko bayan mafari yana Eagle Plains, kusan kilomita 370. Ana ƙetare kogunan Peel da Mackenzie da jirgin fito, wanda hauhawar ruwa kan dakatar. A watan Nuwamba na 2017 aka buɗe ƙarin kilomita 138 daga Inuvik zuwa Tuktoyaktuk, ƙauyen Inuvialuit da ke bakin teku, inda mahayi ke iya kai babur ɗinsa har gaɓa. Manyan motoci ba su kai na Dalton yawa ba, kuma akwai garuruwan 'yan asali a kan hanya. A Inuvik akwai masallacin da aka gina a Winnipeg aka yi dakonsa ta mota da jirgin ruwa ya iso a 2010. Musulmin irin waɗannan wurare kan ƙaddara lokutan salla da azumi da na gari mafi kusa da ke da dare da rana, ko da na Makka, bisa fatawar malamai.

Abin da ya rage a wuyan mahayi

Ja-gora yana ɗauke wa matafiyi lissafin mai da masauki da gyara da kiran agaji. Tuƙin kansa yana hannun mahayi: tsayuwa a kan matakai idan babur ya shiga tsakuwa mai zurfi, sassauta riƙon kai, kallon nesa, da kauce wa danne birkin gaba a kan santsi. Ana buƙatar jikin da zai jure awa takwas zuwa goma a rana cikin girgiza da sanyi, kwana huɗu a jere. Shi ya sa masu shirya tafiyar ke shawartar wanda bai saba da burji ba ya yi horo a gida kafin ya sayi tikiti, wanda kuma ya ji gajiya ta rinjaye shi a hanya ya ɗora babur a tirela ya shiga motar rakiya har zango na gaba.